Safa a Hannun Auta

Ranar Litinin Malama ta ba 'yan aji biyar aikin gida. Ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: "Me zan zama nan da shekara ashirin?"

"Shafi ɗaya nake so," in ji ta. "Ku kawo min Litinin mai zuwa. Ku yi tunani da kyau. Ku yaran yanzu, an ce wasunku za su yi aikin da ko suna ba a sa masa ba tukuna."

A layin gaba akwai wata yarinya 'yar shekara goma. A gida kowa Yaya yake ce mata, har Baba, domin haka ƙanenta yake kiranta. Shi kuma ƙanen ɗan shekara biyar ne. Auta ake ce masa.

Yaya ta koma gida da tambayar a ranta. Ta tarar da Mama a kan keken ɗinki. Kaka tana gefe a kan tabarma, sanye da tabarau, tana ɗinka maɓallai a rigunan da Mama ta gama. Aikinta ke nan kullum, kuma ba ta yarda kowa ya taya ta.

"Kaka, me kike gani zan zama idan na girma?"

Kaka ta leƙo ta saman tabarau.

"Ku yaran yanzu? Ai da waya a hannu aka haife ku. Nan gaba ko tsintsiya ba za ku iya riƙewa ba. Sai dai ku danna, ta yi shara da kanta."

Mama ta yi dariya. "Kaka ke nan. Je ki cire kayan makaranta ki ci abinci."

Yaya ta turo baki ta shige ɗaki. Da wannan amsar ba za ta cika ko layi biyu ba.

Da yamma ƙawarta ta shigo. Gidansu yana kallon nasu, ajinsu kuma ɗaya. Rediyo ake kiranta, kuma ba a zalunce ta ba. Abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin rana ta take ya zaga layi.

Yau wayar wanta ce a hannunta.

"Zo ki gani," ta ce, tana jan Yaya zuwa ƙofar gida. "Aikin Malama ya zo da sauƙi. Akwai wata manhaja a nan. Ki ɗauki hoton fuskar yaro, ta faɗa miki abin da zai zama. Ba ta ƙarya."

"Wa ya ce ba ta ƙarya?"

"Kowa ma ya ce. Masana ne fa suka yi ta."

Yara uku da ke wasa a layi suka matso. Rediyo ta ɗauki hoton Yaya. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa. Sai ga Yaya a cikin farar rigar asibiti, da abin sauraron ƙirji a wuya. A ƙasa an rubuta: Likita.

Daɗi ya kama Yaya har ba ta iya rufe baki ba.

"Ni ma! Ni ma!" in ji Auta, yana tsalle.

Rediyo ta ɗauke shi. Da'irar ta juya, ta juya. Sai ga Auta da baƙin ƙyalle a ido, da buhu a kafaɗa. A ƙasa an rubuta: Ɓarawo.

Yaran suka fashe da dariya. Auta bai iya karatu ba tukuna. Da ya ga ana dariya, shi ma ya yi, sannan ya ruga cikin gida.

"Ƙarya ce," in ji Yaya.

"To," in ji Rediyo, "idan nasa ƙarya ne, naki ma ƙarya ne."

Yaya ta buɗe baki, ta rufe. Ba ta so a ce ƙanenta ɓarawo ne. Amma farar rigar nan ta shiga ranta, ba ta so ta rabu da ita.

Da ta shiga gida, Mama ta fita kai ɗinki. Kaka tana gyangyaɗi, ta ajiye tabarau a bakin taga. Baba bai dawo daga gareji ba. Shi makanike ne, kayan aikinsa kullum da baƙin mai. Farar riga ɗaya gare shi, tana rataye a bayan ƙofa, ba ya sa ta sai za shi wani wuri mai muhimmanci.

Yaya ta taka kujera ta sauko da rigar. Ta zura, ta kai mata har gwiwa. Ta rataya tsohuwar igiyar caja a wuya. Ta ɗauko cokali. Ta lallaɓa ta ɗauko tabaran Kaka ta maƙala a hanci.

"Marar lafiya, kwanta," ta ce wa Auta. "Buɗe baki. Ce aaa."

"Aaa."

Tabaran ya sa komai yana juya mata, amma ta daure. Likita ai sai da tabarau.

Ana cikin haka suka ji muryar Mama a ƙofa. Yaya ta tashi a gurguje. Ta cire wannan, ta jefa wancan, ta taka kujera ta mayar da rigar. Kafin Mama ta shigo, likita ta koma 'yar aji biyar da littafi a hannu.

Washegari da safe Kaka ta fara laluben bakin taga.

"Ina tabarauna? Nan na ajiye shi jiya."

Aka ɗaga tabarma. Aka girgiza matasai. Aka duba ƙarƙashin keke da cikin kwandon zare. Babu.

"Wa ya taɓa tabaran Kaka?" in ji Mama.

Yaya ta san ita ta taɓa. Amma ai ta mayar da komai. Ta mayar da cokali, ta mayar da igiya, ta mayar da riga. To tabarau ma ta mayar, ko ba haka ba? Idan ta faɗa, za a yi mata faɗan rigar Baba.

Ta juya ta kalli Auta. Yana tsaye a gefe, yana sosa kai. Shi ma yana ɗakin jiya. Sai hoton nan ya dawo mata: baƙin ƙyalle, da buhu a kafaɗa.

"Ni dai ban gani ba," ta ce.

Ranar nan Kaka ba ta ɗinka ko maɓalli ɗaya ba. Ta gwada zura zare a allura sau goma, ta kasa. Ta ajiye, ta zauna ta zuba tagumi. Riguna suka taru a gefenta.

Daga ranar Yaya ta sa wa Auta ido.

Idan ya shiga ɗaki, tana bayansa. Idan ya fito, sai ta kalli hannunsa da aljihunsa. Ta ɗauke fensirinta mai launi ta ɓoye a cikin matashi. Ta fara kwana da jakar makaranta a gefen kanta.

Kuma abin mamaki, da ta fara dubawa sai ta yi ta gani.

Ta ga Auta yana tsintar abubuwa a tsakar gida yana cusawa a aljihu. Ta ga yana zagawa bayan tankin ruwa, yana waige-waige. Idan ya daɗe a can, sai ya fito yana kaɗe hannu kamar bai yi komai ba.

"Me kake yi a bayan tanki?"

"Ba komai."

"Me ke aljihunka?"

"Ba komai."

Ranar Laraba ƙaramin almakashin Mama ya ɓace.

"Wai aljanu ne suka shigo gidan nan?" in ji Mama, tana zazzage kwandon zare.

Yaya ta kalli Auta. Auta ya kalli ƙasa.

Ranar Alhamis ta haɗa masa tarko. Ta ajiye alewa ɗaya a kan tebur, ta laɓe a bayan labule. Auta ya shigo. Ya ga alewa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya kira, "Alewar wa?" Ba wanda ya amsa. Ya ɓare ya jefa a baki.

Wane ɗan shekara biyar ne zai bar alewa marar mai ita a kan tebur? Ita kanta Yaya da ba ta bari ba. Amma ba ta yi wannan tunanin ba. Ta fito daga bayan labule tana nuna shi da yatsa.

"Na kama ka!"

"Ai na tambaya," in ji Auta, da alewa a kumatu.

Ta je ta samu Mama ta raɗa mata a kunne. "Mama, ina jin Auta ne ke ɗaukar kaya."

Mama ta tsayar da keke. "Kin gani da idonki?"

"Ban gani ba. Amma na sani."

"Abin da ba ki gani ba, kada ki faɗa," in ji Mama. Ta ci gaba da ɗinki. Amma Yaya ta ga ta ɗan waiga ta kalli Auta.

Da ma nan Yaya ta tsaya. Ba ta tsaya ba. A hanyar makaranta ta gaya wa Rediyo komai: tabarau, almakashi, alewa da bayan tanki.

"Amma kada ki faɗa wa kowa."

"Haba, ni?" in ji Rediyo.

Kafin a tashi makaranta, rabin layi ya ji.

Ranar Juma'a da yamma Mama ta aiki Yaya da Auta shagon bakin layi su sayo zare. Mai shagon mutum ne mai fara'a. Kullum yakan buɗe gwangwanin biskit ya ce wa Auta, "Sa hannu ka zaɓa, abokina."

Yau bai buɗe ba. Ya matsar da gwangwanin can ciki.

"Tsaya daga nan," ya ce wa Auta. "Faɗi abin da kake so, ni zan miƙo maka."

Auta ya kalle shi, ya kalli Yaya. Bai gane ba.

Da suka fito, yaran layi suna zaune a kan dakali. Ɗaya ya ɗaga murya.

"Ku riƙe aljihunku! Ga ɓarawon gobe nan!"

"Ina buhunka?" in ji wani.

"Waya ce ta faɗa! Mun gani da idonmu!"

Auta ya riƙe gefen rigar Yaya. "Yaya, da wa suke?"

Yaya ta ja hannunsa suka yi sauri. Ranta bai yi mata daɗi ba, amma ta ce wa kanta, ai ba ita ta faɗa ba, waya ce.

Da aka zo cin abincin yamma, Auta ya fito da safar makaranta a hannuwansa biyu. Ya ja su har gwiwar hannu. Ya yi ƙoƙarin ɗaukar cokali, cokali ya suɓuce ya faɗi.

"Auta, sanyi kake ji?" in ji Mama.

"A'a."

"To safa a hannu kuma ta mece ce? Cire ka ci abinci."

Ya girgiza kai. Baba ya yi dariya, ya zaci wasa ne. "Ku ƙyale shi, yau ɗan dambe ne."

Auta bai yi dariya ba. Ya ci loma biyu da ƙyar, ya tashi ya koma bakin ƙofa ya zauna. Yaya ta bi shi.

"Me ya sa ka sa safa?"

Ya yi magana a hankali, don kada a ji.

"Sun ce idan na girma ɓarawo zan zama. Ni ba na so. Shi ya sa na rufe su. Idan suna ciki ba za su ɗauki komai ba."

Tausayinsa ya kama Yaya sosai. Amma zargi ya riga ya zauna a zuciyarta, ya ƙi tashi.

"To faɗa min gaskiya. Ina tabaran Kaka?"

"Ban ɗauka ba."

"Almakashi fa?"

Ya sunkuyar da kai, yana kallon safarsa.

"Ka gani ko," in ji Yaya. Ta tashi ta bar shi.

Ranar Asabar da safe akwai taron iyaye da malamai. Baba ya yi wanka, ya goge baƙin man da ke farcensa iya ƙoƙarinsa. Ya sauko da farar rigarsa daga bayan ƙofa ya zura. Yana sa maɓalli sai ya ji wani abu mai tauri a aljihun gaba. Ya sa hannu.

"Ikon Allah. Wannan kuma fa?"

Tabaran Kaka ne a hannunsa.

Mama ta juya a hankali ta kalli Auta. Har yanzu safa na hannunsa, domin da ita ya kwana.

"Auta," in ji Mama, "kai ka sa shi a nan?"

Idon Auta ya cika da hawaye.

"Ban tuna ba, Mama. Ko hannuna ne suka yi ban sani ba."

A lokacin Yaya ta tuna. Ta tuna sarai, kamar yanzu ake yi. Muryar Mama a ƙofa. Tabarau yana sa ta jiri. Ta cire shi ta jefa a aljihun gaba, yadda ta ga likitoci suna yi. Sannan ta taka kujera ta rataye rigar.

Ba wanda ke kallonta. Duk ido yana kan Auta. Idan ta yi shiru, maganar ta wuce ke nan.

Ta kalli ƙananan hannuwan nan biyu a cikin safa.

"Ni ce," ta ce. "Ba Auta ba ne. Ni na sa rigar Baba ina wasan likita. Ni na ɗauki tabarau. Na manta shi a aljihu."

Daga nan kuka ya ƙwace mata. Cikin kuka ta faɗi komai. Ta faɗi hoton waya, da tarkon alewa, da abin da ta gaya wa Rediyo, da abin da mai shago ya yi, da dalilin safa.

Mama ta dafe ƙirji. Ta jawo Auta ta rungume shi. "Ni ma na kalle ka da wani ido, ɗana. Ka yafe min."

Can ta tambaye shi a hankali, "Almakashina fa?"

Auta ya zame daga jikinta ya fita. Suka ji motsinsa a bayan tanki. Ya dawo rungume da tsohon gwangwanin madara. Da safa a hannu ya kasa buɗewa, sai Baba ya buɗe masa.

A ciki akwai almakashin Mama. Akwai guntayen kwali da guntun zare. A ƙasa kuma akwai wani abu mai ido biyu. An yanka shi daga kwali, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. An liƙa farar roba ta gorar ruwa a kowane rami. An ɗaura zare a gefe da gefe.

"Tabarau nake yi wa Kaka," in ji Auta. "Na ga tana zaune ba ta ɗinki. Ban gama ba. Na so in yi mata ba-zata."

Kaka ta miƙa hannu ta karɓa. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta maƙala shi a hanci, ta ɗaura zaren a bayan kai.

"Ka ga tabarau na gaske," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Wancan tsohon ai ya gaji."

"Amma Auta," in ji Mama, "ko alheri za ka yi, ka tambaya kafin ka ɗauki almakashi. Yana yanka."

"To, Mama."

Baba ya duba agogo. Taro ya kusa farawa. Ya zauna a kan kujera.

"Yau sai dai in makara," ya ce. "Yaya, je ki kira min ƙawarki. Ta zo da wayar."

Rediyo ta shigo a ɗarare, da wayar wanta a hannu. Yau rediyon ba ya kamawa sosai.

"Ɗauki Kaka," in ji Baba.

Da'ira ta juya. Sai ga Kaka cikin gajeren wando da takalmin ƙwallo. A ƙasa an rubuta: 'Yar ƙwallo.

"Me ta ce?" in ji Kaka.

"Ta ce idan kin girma ƙwallo za ki buga."

"Ni da gwiwar nan? Ku tashe ni in fara gudu tun yanzu."

Har Mama sai da ta yi dariya.

"Yanzu ɗauki Auta," in ji Baba.

Auta ya ɓuya a bayan Mama. Baba ya lallashe shi ya fito. Aka ɗauka. Matuƙin jirgin sama.

"Sake ɗauka."

Aka sake. Mai dafa abinci.

"Yanzu Yaya."

Yaya ta tsaya. Da'ira ta juya, ta juya. Sai ga ta da baƙin ƙyalle a ido, da buhu a kafaɗa. Buhun nan dai, shi ne.

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Kin gani?" in ji Baba. "Abin wasa ne. Hotuna ne aka zuba a ciki, wanda ya zo shi take ba ka. Ba ta san ki ba, ba ta san Auta ba. Gobe kuma Allah kaɗai ya san ta."

Ya matso kusa da ita.

"Kin sha zuwa gareji. Kin taɓa ganin na kalli fentin mota na ce ga ciwonta?"

"A'a, Baba."

"Me nake yi?"

"Kana buɗewa ka duba."

"To ke ba ki duba ba. Kin fara yanke hukunci, sannan kika shiga neman hujja. Da tun ranar kin ce kin taɓa tabarau, da minti ɗaya ya isa mu gan shi. Kaka ta yi kwana huɗu ba ta gani. Ƙanenki kuma ya fara tsoron hannunsa."

Yaya ta durƙusa a gaban Auta.

"Auta, ka yafe min. Kai ba ɓarawo ba ne. Ni na yi laifi."

Ta kama safar dama za ta cire. Ya janye hannunsa da sauri.

"Idan suka ɗauka fa?"

"Hannunka ba sa yin komai sai abin da ka sa su. Kai ka sa su suka yi wa Kaka tabarau."

Ya yi tunani. Sannan ya miƙo hannun a hankali. Ta zare safa ɗaya, ta zare ta biyu. Tafinsa ya jiƙe da gumi. Ta karɓi tabaran gaske daga hannun Baba ta ɗora a tafin Auta.

"Riƙe da kyau. Kai za ka kai wa Kaka."

Ya riƙe da hannu biyu, ya taka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya miƙa wa Kaka.

"Saura aiki ɗaya," in ji Baba, yana miƙewa. "Duk inda maganar nan ta je, ku biyu za ku bi ta ku gyara. Da bakinku."

Aikin bai yi daɗi ba. Yaya da Rediyo suka fara da dakalin yaran layi. Yaya ta tsaya a gabansu ta ce ita ta ɗauki tabarau, ba Auta ba. Wani ya fara dariya, Rediyo ta nuna musu hoton Kaka 'yar ƙwallo. Suka yi ta ɗaukar junansu. Wanda ya fi kowa tsokanar Auta, shi ma buhun ya faɗo masa. Daga nan bakinsa ya mutu.

Suka shiga gida uku. A kowane gida sai Yaya ta maimaita daga farko. Labarin sata ya zaga layi a rana ɗaya, amma gyaransa sai da ya ci musu Asabar da Lahadi.

Mai shago ne na ƙarshe. Ya saurara har ta gama. Ya sosa ƙeya.

"Ni babba ne, amma na ji maganar yara na hau kai na zauna," ya ce. "Ina abokina?"

Auta ya leƙo daga bayan Yaya. Mai shago ya jawo gwangwanin biskit ya buɗe.

"Sa hannu ka zaɓa."

Auta ya kalli Yaya. Ta gyaɗa masa kai. Ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Ya raba biyu, ya miƙa mata rabi.

Ranar Litinin Malama ta kira Yaya ta karanta aikinta a gaban aji. Ta tashi da takarda a hannu.

"Ina so in zama likita," ta karanta. "Ba don waya ta faɗa ba. Waya ta ce likita ranar Litinin, ta ce ɓarauniya ranar Asabar. Idan ina so in zama likita, sai na yi karatu. Kuma likita ba ya faɗin ciwo sai ya duba.

"Ban san abin da ƙanena zai zama ba. Malama ta ce wataƙila aikinsa ko suna ba shi da shi tukuna. Amma na san abin da yake yau. Yaro ne da ya ga kakarsa ba ta gani, ya yi mata tabarau da kwali.

"Na koyi cewa bai kamata in zargi mutum a kan abin da aka ce zai yi gobe ba. Idan na yi kuskure, in faɗa da wuri, kafin ya faɗa kan wani. Kuma kada in kira yaro da mummunan suna, domin yana iya yarda."

Malama ta ce, "Ku tafa mata."

Aji ya ɗauki tafi. Rediyo ta fi kowa ƙarfin tafi, kuma kafin a tashi rabin makaranta ya ji labarin tabaran kwali.

Da Yaya ta koma gida, ta tarar da Kaka a kan tabarma tana ɗinka maɓalli. Tabaran gaske yana hancinta. Na kwali kuma yana rataye a wuyanta da zare. Auta yana gefenta, yana miƙa mata maɓalli ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka, yanzu kin yarda a taya ki?" in ji Yaya.

"Shi kaɗai," in ji Kaka. "Hannunsa na da albarka."